Jinkirin girman jakar ciki a makonnin farko: me sakamakon hoto yake nufi?

Idan mace ta yi ɓatan wata aka yi mata hoton ciki, wato sikanin, abin da ake fara gani wata 'yar jaka ce mai ruwa a cikin mahaifa. Ita ce jakar ciki, kuma a cikinta ɗan tayi zai zauna ya girma. Da na'urar da ake sakawa ta farji, ana ganinta daga mako 4 da rabi zuwa 5, idan aka ƙirga daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Wajen mako 5 da rabi sai wani ƙaramin zobe ya bayyana a cikinta, jakar gwaiduwa, wadda ke taimaka wa ɗan tayi kafin mabiyiya ta kama aiki. Wajen mako 6 ake ganin ɗan tayin kansa, zuciyarsa na bugawa. Hoton saman mara, wanda aka fi yi a garuruwanmu, yakan makara da kusan mako guda kafin ya nuna waɗannan.

A cikin da ke tafiya daidai, jakar tana ƙara faɗin kusan milimita 1 a kullum.

Sau da yawa lissafi ne ya kuskure

Idan takardar hoto ta ce jaka ta yi ƙanƙanta, tambayar farko ita ce: ƙanƙanta bisa wane lissafi? Ƙidayar makonni ta ɗauka cewa al'adar mace na zagayowa duk kwana 28, ƙwai kuma yana fita a rana ta 14. Mata da yawa ba haka jikinsu yake ba. Mai shayarwa, da wadda ta daina allurar tazarar haihuwa kwanan nan, da wadda al'adarta ke rikicewa, duk ƙwansu na iya fita a makare. Wata kuma ba ta riƙe ranar ba, ta dai ce "bayan Sallah ne". Kuskuren mako ɗaya kacal ya kai bambancin milimita 7 a awo, ya isa a nemi bugun zuciya a rasa alhali cikin lafiyarsa ƙalau, bai dai kai lokacin ba.

Shi ya sa hoto ɗaya ba ya nuna jinkirin girma. Sai an yi biyu an kwatanta.

Idan jinkirin na gaske ne

Wani lokaci hoto na biyu yakan nuna jakar ba ta ƙaru yadda ya kamata ba, ko ta ƙaru amma babu kowa a ciki, ko ta matse ɗan tayin, wato faɗinta bai wuce tsawonsa da milimita 5 ba. Waɗannan alamu ne da ke ƙara yiwuwar ɓari, amma ba hukunci ba ne. Kusan rabin ɓarin farkon ciki yana faruwa ne saboda tangarɗa a ƙwayoyin gado tun lokacin da ƙwai da maniyyi suka haɗu, kuma hakan na ƙaruwa idan mace ta haura shekara 35. Ciwon suga da ba a daidaita ba, matsalar maƙoƙo, da zazzaɓin cizon sauro mai zafi su ma suna da hannu. Daka, ɗaukar ruwa, hawa babur ko saduwa da miji ba sa hana jaka girma. Ya kamata miji da uwar miji su ji wannan, domin mata da yawa suna ɗora wa kansu laifin da ba nasu ba.

Yaushe ake tabbatar da cewa ciki ya lalace?

Da hoton farji, likita zai tabbatar ne idan faɗin jaka ya kai milimita 25 babu ɗan tayi, ko tsawon ɗan tayi ya kai milimita 7 babu bugun zuciya. Haka kuma idan an ga jaka babu gwaiduwa, aka dawo bayan mako 2 har yanzu babu ɗan tayi mai bugun zuciya. Kafin 2011 likitocin Birtaniya milimita 20 da 6 suke amfani da su. An ɗaga ma'aunin ne bayan bincike ya nuna kuskuren awo na iya sa a wanke cikin da ke da rai.

Duk abin da bai kai haka ba, a jira a sake hoto: aƙalla kwana 7 idan ta farji ne, kwana 14 idan ta saman mara ne. Jiran yana da wuya, amma sake hoto bayan kwana biyu ko uku ba ya ƙara komai sai fargaba da kashe kuɗi. Kada ki yarda a yi miki wankin ciki ko ki sha maganin fitar da shi bisa hoto ɗaya da bai cika wannan ma'auni ba, matuƙar ba kya zubar da jini mai yawa.

Ba a kuma son a wuce gona da iri wajen jira. A gida akan ce "ciki ya kwanta", a zauna watanni ana jiran ya tashi. Ɗan tayin da zuciyarsa ta tsaya ba ya farfaɗowa, kuma barin sa ba tare da kulawar likita ba na iya jawo zubar jini ko ƙwayoyin cuta a mahaifa.

Lokacin jira

Babu abinci, allura ko jiƙo da ke sa jaka ta yi saurin girma, kwanciya a gado ma ba ta hana ɓari. Ki ci gaba da shan folik asid, ki kwana cikin gidan sauro, idan kin ji zazzaɓi a gwada jini kafin a sha magani. Wadda ke ganin jini kuma ta taɓa yin ɓari, likita na iya ba ta furojestaron bayan hoto ya tabbatar cikin yana cikin mahaifa. Ba magani ba ne na kowa da kowa.

Ki tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan jini na jiƙa audugar mata biyu a awa ɗaya, ko kina jin ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ciwon kafaɗa, jiri ko suma, ko zazzaɓi da ruwa mai wari. Cikin da ya zauna a wajen mahaifa yakan tara ɗan ruwa a mahaifa mai kama da ƙaramar jaka, kuma idan ya fashe yana iya kisa cikin sa'o'i.

Idan an tabbatar ciki ya lalace, ana iya jira ya fita da kansa ƙarƙashin kulawa, ko a ba da misoprostol, ko a yi wankin ciki. Ki tambayi rukunin jininki, domin mai jini "negetif" na iya buƙatar allurar kariya. Al'ada kan dawo cikin mako 4 zuwa 6, kuma yawancin matan da suka yi ɓari sau ɗaya suna haihuwa lafiya a cikin da ya biyo baya. Wadda ta yi sau uku a jere ta nemi ganin likitan mata a binciki dalili.