Daga Bakin Tukuba Zuwa Kan Tebur: Yadda Kano Ta Koyi Cin Abinci a Waje

A farkon shekarar 1824 wani matafiyi ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya shiga kasuwar Kurmi, kuma a cikin abubuwan da ya rubuta akwai masu gashin nama da ya tarar kusa da mahauta. Ya ga an hura wuta a tsakiya, an kakkafa tsinkaye kewaye da ita, kowane tsinke an jera masa tsoka da kitse ƙanana-ƙanana, ɗaya na bin ɗaya. Duk Bakanon da ya ji wannan bayani ya san tsire ake nufi, kuma ya san cewa shekara 200 bayan nan tukubar tana nan yadda take. Ita kuwa kasuwar tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, take ci. Ke nan sayar da dafaffen abinci ga mai wucewa tsohuwar sana'a ce a garin nan. Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne wanda aka yarda ya zauna ya ci a idon jama'a.

A gidan da na tashi, cikin birni, magidanci ba ya cin abinci a waje. Mahaifina yakan sayi tsire bayan sallar isha, a naɗe masa a takarda da albasa da yaji, ya sa a aljihun babbar riga ya kawo gida. Ko tsinke ɗaya ban taɓa ganin ya kai baki a gaban mai tukuba ba. Wata rana da na tsaya a bakin titi ina cin ƙosai, kakana ya hango ni, da na dawo ya ce, "Ɗan nan, a gidanku ba a girki ne?" Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ya isa. Daga baya a makarantar zaure na gane cewa maganar tana da tushe a littattafan fiƙihu, inda malamai suka lissafa cin abinci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage wa mutum mutunci, har su iya taɓa karɓar shaidarsa a gaban alƙali.

Tsarin garin ma bai bar wa gidan abinci masu saye da yawa ba. Magidantan unguwa suna da ciyayya: bayan magariba kowa a fito da akushinsa ƙofar gida ko zaure, a haɗa kwanuka, a ci na wannan a koma kan na wancan. Fataken da suka sauka a Fagge da raƙuma da jakuna suna da fatomansu, shi zai ba su masauki, ya ajiye musu kaya, daga gidansa kuma a kawo musu tuwo. Almajiri yana da ƙofofin da yake bi. Waɗanda suka rage wa 'yan tuwo-tuwo su ne gwauraye da 'yan dako da baƙon da bai san kowa ba, shi ya sa zama a rumfarsu ya zama alamar rashin gata.

Duk da haka abincin sayarwa ya cika gari, sai dai daga cikin gidaje yake fitowa. Matan da ke cikin kulle su ke soya waina da ƙosai, su dafa ɗanwake da alala, su kirɓa fura, yara su ɗora a ka su zaga lunguna suna talla. Wata mai bincike 'yar Amurka, Enid Schildkrout, ta zauna a Kano cikin shekarun 1970 ta yi nazarin wannan ciniki, ta nuna yadda yara suka zama ƙafafun iyayensu mata, da yadda ribar take tafiya wajen tara wa 'ya mace kayan ɗaki. Innarmu ɗanwake take yi, kuma na san magidanta manya da ba za su taɓa zama a rumfar mai abinci ba, amma kullum da hantsi sai sun aiko da kwano.

Kada wannan kunya ta sa a ɗauka cewa Kanawa masu ƙyamar baƙon abinci ne. Larabawan Gadamas da Tarabulus da suka zauna a Dandalin Turawa masu cin alkama ne, kuma ta hannun irinsu girkin alkama ya zauna a birni, ya ba mu alkubus da alkaki da gurasa. Gurasar ce na fi so a tsaya a kanta. A kwaɓa garin alkama da yis a bar shi ya tashi, a hura wuta cikin tanderu, wato babbar tukunyar ƙasa, har jikinta ya yi zafi, sannan mace ta zura hannu ta manna ƙullin a bangon tukunyar, ta ciro shi idan ya gasu. Aikin yana cin hannu da fuska, kuma matan wajejen Jakara sun gaje shi uwa da 'ya. Mutanen gari kuma suka ƙara nasu: suka tsoma ta a ruwa ta yi laushi, suka barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, suka zuba man gyaɗa da albasa da tumatir, aka sami bandashe. Balaraben da ya kawo burodinsa daga hamada ba zai gane shi a wannan kama ba. Yau idan Bakano ya yi nisa da gida, gurasa ce farkon abin da yake ambata.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Da su sakwara da miyar agushi da teba da amala suka shigo, tare da wata al'ada da birni bai saba da ita ba, ta namiji mai aiki da mutuncinsa ya shiga buka da rana tsaka ya zauna a benci, ya wanke hannu, ya ci, ya biya. Kwara kuma, mutanen Labanan da Siriya da suka zo sayen gyaɗa da sayar da yadi, suka kafa nasu gidajen da nasu girkin. Lokacin da muke samari, zuwa Sabon Gari cin sakwara tafiya ce ta sirri. Abokina da ya fara kai ni ya ce, "Malam, ka bar cokalin nan, da hannu ake yi, kuma ba a tauna ta." Daɗin miyar ya zauna mini, amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ganin wani dattijo da furfura a benci ɗaya da mu, yana ci hankalinsa kwance.

A ganina wanda ya karya lagon kunyar a cikin birni kansa shi ne mai shayi. Teburinsa bai yi kama da rumfar tuwo ba, don shayi ba ya cikin abin da ake cewa matarka ta gaza yi maka. Ga butar ƙarfe kan gawayi, ga gwangwanayen madara da Bournvita an jera, ga burodi, ga rediyo ana sauraron BBC da Muryar Amurka. Malamin makaranta da direba da ɗan kasuwa suka saba da zama a benci ɗaya suna kurɓa suna musu kan siyasa. Da aka fara yin Indomie a Najeriya a tsakiyar shekarun 1990, teburin mai shayi ne ya karɓe ta, ya haɗa ta da ƙwai da attarugu, ta zama abincin dare na samari. Awara ma ta wannan zamanin ce. Cibiyar IITA ta Ibadan na cikin waɗanda suka yaɗa sarrafa waken suya tun shekarun 1980, amma yau yaran Kano suna ɗaukar ta kamar da ita aka gina ganuwa.

Sai gidajen gilashi suka zo. Kamfanin UAC ya buɗe Mr Bigg's na farko a Legas a 1986, ya bazu manyan birane, wasu suka kwaikwaya. Abincin bai taka kara ya karya ba, soyayyiyar shinkafa ce da kaza da fanke mai nama a ciki, amma wurin yana da ƙofa da sanyin na'ura da kujeru, kuma wannan ne ya ba magidanci damar ɗauko matarsa da 'ya'yansa ranar sallah ba tare da ya ji ya tsiraita su ba. A 2014 aka buɗe Ado Bayero Mall a titin gidan Zoo, fita cin abinci da iyali ta zama abin da ake shirya wa kwalliya. Yanzu daga Nasarawa zuwa titin Zoo akwai masu shawarma, akwai masu girkin Sin da na Indiya, akwai masu shinkafar mandi da kabsa da alhazai da masu umara suka ɗanɗano a Makka da Madina suka dawo suna nema, inda ake zama kan darduma a ci a faranti ɗaya. Ƙanwata da ƙawayenta sukan haɗa kuɗi su je sabon wuri duk wata, su zauna su kaɗai, mai hidima ya zo da takardar jerin abinci ya ce, "Hajiya, me za a kawo?" Kakarmu ta rayu ta rasu ba a taɓa yi mata wannan tambaya ba, don kullum ita ce mai kawowa. Ina murna da wannan sauyi, kuma ba na jin nauyin faɗa.

Abin da ke damuna yana wani gefen. Wasu sababbin wuraren suna gina bukkar ciyawa, su shimfiɗa tabarma, su kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu a akushi, fura a ƙwarya da ludayi, a kan kuɗin da zai ciyar da ƙaramin gida yini guda. Ba na zargin masu su, sana'a suke yi, kuma gara akushin ya rayu a can da ya ɓace gaba ɗaya. Sai dai a daidai lokacin da ake sayar da siffar ciyayya, ita kanta ciyayyar tana mutuwa a unguwanni. A zauren kakana akwai maƙwabcin da wani lokaci ba a ɗora tukunya a gidansa ba, yakan fito da hannunsa kawai ya zauna, kuma ba wanda ke ƙirga kwanuka. Gidan abinci, komai kyawunsa, sai da kuɗi ake shiga.

Girkin cikin gida kuwa bai ja da baya ba. Lokacin kullen korona a 2020, da aka rufe kasuwanni da wuraren zama, matan aure da 'yan mata da yawa suka koma sayar da abinci ta WhatsApp da Instagram: a ga hoton dambun shinkafa ko farfesun kayan ciki ko sinasir, a tura kuɗi ta waya, mai babur ya kai har ƙofa. Da aka buɗe gari ba su daina ba, wasu ma daga nan suka tara jarin kama shago. Sana'ar Innarmu ce, mai babur ya karɓi aikin yarinyar da ke ɗaukar tire. A unguwannin marasa hali kuwa yarinyar tana nan da tirenta a lokacin da ya kamata tana aji.