Asalin Taurarin da Ƙura Ta Ɓoye

Duk manomin Kankiya ko Kusada ya san Kaza da 'Ya'yanta, domin da kaka suna fitowa gabas bayan magariba. Masana sun ce tare aka haife su, cikin gajimare guda na iska da ƙura, shekara wajen miliyan 100 da suka wuce. Haka asalin kowane tauraro yake: iska ta taru, nauyinta ya matse ta, ta yi zafi har ta kama ci.

To, taurari ba a warwatse suke ba, garke-garke suke, kowane babban garke da dubban miliyoyi a ciki. Namu garken mai natsuwa ne, tauraro ɗaya ko biyu yake haifa a shekara. Amma in garke biyu suka ja juna suka gwabza, sai iskarsu ta kwarara tsakiya ta cunkushe, haihuwa ta ɓarke ba ƙaƙƙautawa. Abin mamaki, taurarin da kansu ba sa karo, saboda tazarar da ke tsakaninsu.

An daɗe ba a san da wannan ba, don ƙura ta lulluɓe wurin. Kamar garwashi ne da aka rufe da toka, ba ka ganin wuta, sai dai ka ji ɗumi. A 1983 Amurka da Ingila da Holan suka harba tauraron ɗan'adam mai suna IRAS, wanda ke auna ɗumin da ido ba ya gani. Nan aka gano cewa wani garke da masanin taurari Halton Arp ya lissafa tun 1966, Arp 220, yana fitar da ƙarfin da ya haura na rana miliyan sau miliyan. Nisansa tafiyar haske ce ta shekara kamar miliyan 250.

Daga nan gardama ta tashi. Wasu suka ce jariran taurari ne ke wannan zafi. Wasu suka ce a'a, baƙin rami ne a tsakiya, wanda iskar da yake haɗiya ke ƙuna kafin ta faɗa ciki. A ganina kowa da gaskiyarsa, tunda abinci ɗaya ke ciyar da su duka. A 2002 na'urar hangen sararin samaniya mai suna Chandra ta gano manyan baƙaƙen ramuka har biyu suna ci a cikin garken NGC 6240, wanda shi ma haihuwar taurari yake ta yi.