Daga Tsutsar Haƙori zuwa Kofin Shayi

Idan mutum ya tsotsi tsamiya ko ya gatsi ɗanyen mangwaro, Bahaushe kan ce haƙoransa sun mutu. Alhali haƙori na da rai, kuma jijiyarsa ce ke kai ƙara. An daɗe ana neman sanin yadda tsami da zaƙi ke isa gare ta.

Mutanen Babila na dā sun ɗora laifin ciwon haƙori a kan wata tsutsa, kamar yadda kakanninmu suka ɗauka. A 1728 likitan Faransa Pierre Fauchard ya fitar da littafinsa, ya ƙi yarda da zancen tsutsar. A 1900, shekarar da aka kafa Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, Alfred Gysi na ƙasar Suwizalan ya ce motsin wani ruwa ne a cikin haƙori ke jawo zafin. Sai a shekarun 1960 Martin Brännström na Suwidin ya ƙarfafa maganar da gwaje-gwaje.

Bayanin shi ne: a ƙarƙashin farin ɓawon haƙori akwai wani sashe mai dubban ƙananan kafofi cike da ruwa, waɗanda suka zarce har wurin jijiya. Tsami na zaizaye ɓawon, ya buɗe bakin kafofin. Sukari da gishiri kuma na janyo ruwan zuwa waje. Da ruwan ya motsa, sai jijiya ta harba, mutum ya dafe kunci.

Hausawan da hanyar hajji da fatauci suka zaunar a bakin kogin Shari sun zo da goro da aswaki, sannan suka rungumi shayi mai kauri da sukari, ga karkanji, wato zoɓo, mai tsami da zaƙi a haɗe. Yau lemun kwalba ya ƙaru a kai, har a hannun yara. Ɓawon da ya zaizaye kuwa ba ya sake tsirowa.

Tun 1974 aka nuna cewa sinadarin fotasiyam na rage wannan zafi, shi ya sa ake sa shi a wasu man goge baki. Amma rigakafi ya fi magani: bayan shan abu mai tsami, a kurkure baki da ruwa, a jinkirta aswaki kamar rabin awa, kuma a daina dirzar haƙora da gawayi ko toka. Zafin da ya ƙi lafawa kuwa, na likita ne.