Darar Da Aka Yi Ta Wasiƙa

'Yar uwa, kin dai san darar da mazanmu na Illela ke yi a gindin bishiya: gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12. Ni a ganina tun wajen zuba 'ya'yan nan ake cin mutum.

To Turawa ma suna da tasu, wai ita ces. A 1824 'yan wasan Landan da na Edinbara ta ƙasar Sikotlan suka ƙulla wasa ta wasiƙa. Kowane taku sai an rubuta, keken doki ya ɗauka, a yi kwanaki ana jiran amsa. Shekara huɗu cur ana abu ɗaya!

Landan ce ta fara fito da wata hanyar buɗe wasa. 'Yan Edinbara suka lura, suka ara, suka juya mata ita. Dara ta ci gida ke nan, har yau da sunan Sikotlan ake kiran wannan buɗewa.

Akwai ma ranar da 'yan Landan suka aika taku, suka hango kuskure, suka roƙi a janye. 'Yan Edinbara suka ce atafau, abin da ya shiga gidan waya ya shiga. Wasan nan Landan ta sha ƙasa, a 1828 kuma aka tashi Edinbara ke da nasara.