Tsiro da Ƙwaya: Tarihin Neman Maganin Shaye-shaye a Ƙasar Bici

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda mutanen karkarar arewacin Kano suka tari wata sabuwar cuta da tsohon iliminsu na tsirrai, sa'an nan a duba inda wannan ilimi ya yi amfani da kuma inda ya tsaya.

Ƙasar Bici, wadda ke kan hanyar Kano zuwa Katsina, ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona na manne da gona. Saboda haka manomi ba ya sare itace mai amfani: tsamiya da ɗorawa da kuka da gawo duk a tsakiyar gonaki suke, sabara kuwa tana tohowa a ko'ina. Daga irin waɗannan ne boka da wanzami da 'yar mai ganye suke haɗa magani. Tun a 1916 wani likitan Turawa, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirran Hausa a littafi guda.

Babban ginshiƙin wannan ilimi shi ne cewa cuta da yawa datti ce da ta taru a ciki, maganinta kuwa a fitar da ita ta hanyar amai ko gudawa ko gumi. Shi ya sa ake shan filasko da jiƙon tsamiya don wankin ciki. Bahaushe ya kuma san tsiro mai gusar da hankali, watau zaƙami, har ya yi masa laƙabi da "haukata yaro". Sai dai mayen zaƙami na yini ne ko kwana biyu. Abin da magabata ba su saba gani ba shi ne maganin da jiki zai kama, har ya zamana rashinsa ne yake kwantar da mutum.

Asalin irin wannan magani ma tsiro ne. Akwai wani fure da ake nomawa a ƙasashen Asiya, Larabawa suna kiran ƙaronsa afyun. Daga cikinsa masana a Turai suka tace morfin a farkon ƙarni na 19, suka tace kodin a 1832. Tiramadol kuwa haɗin masana'anta ne, wani kamfanin Jamus ya fara sayar da shi a 1977, amma aikinsa a ƙwaƙwalwa dangin nasu ne. Sannu a hankali waɗannan suka shigo kantunan magani na birni da ƙauye: ɗan ƙwadago yana haɗiyar tiramadol don ya yi noma bai gaji ba, matasa maza da mata suna shan maganin tari mai kodin. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da irin wannan maganin tari. Binciken da aka gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 4.6 ne suke shan wannan dangin magani ba da umarnin likita ba.

Da abin ya shiga gidaje, iyaye suka nufi inda suka saba: wajen malam don rubutu da tofi, wajen mai magani don jiƙo da sassaƙe da turare. Mai magani ya auna sabuwar cuta da tsohon ma'auni, ya ce datti ne, a wanke. Ba Hausawa kaɗai suka yi wannan tunani ba. A ƙasar Tailan akwai wani gidan ibada, Tamkarabok, inda tun 1959 ake ba mashaya jiƙon sa amai. A Gabon kuma akwai tsiron iboga, wanda tun 1962 wasu Amurkawa suke yaɗa cewa yana yanke sha'awar ƙwaya, alhali an tabbatar yana rikita bugun zuciya, ya kuma kashe mutane.

Wani abin mamaki ya faru da tafashiya, wadda Hausawa suka daɗe suna jiƙa saiwarta. A 2013 wasu masu bincike suka ba da labarin samun tiramadol a saiwar tafashiyar arewacin Kamaru, aka ɗauka itacen ne yake yinsa. A 2014 wasu masana a Jamus suka nuna cewa mutanen wurin ne suke sha, suke kuma ba shanunsu na aiki, fitsari ya gangara cikin ƙasa, saiwa ta tsotsa. Ashe ƙwayar ce ta bi tsiron har gindinsa.

Gaskiyar magana ita ce, wanda ya daina shan ƙwaya yakan yi mako guda ko fiye yana fama da ciwon gaɓoɓi da gudawa da gumi da rashin barci. Jiƙo yana iya sauƙaƙa wani abu daga ciki, kulawar dangi ma magani ce. Amma a ƙara wa mai gudawa maganin wankin ciki ganganci ne. Bugu da ƙari, mazaunin wannan cuta ƙwaƙwalwa ne, ba hanji ba. Wanda aka "wanke" kuma jikinsa ya manta da yawan da ya saba, in ya koma ya sha kamar da, numfashinsa yana iya tsayawa. Ɗaure mutum ma ba ya warkarwa, kamar yadda aka gani a 2019 sa'ad da hukuma ta rufe gidajen mari a Kaduna da Daura da Katsina.

Hausawa sun ce sabo turken wawa, turke kuwa ba a tumɓuke shi da jiƙon kwana bakwai. A kan hanyar nan ta Bici zuwa Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Mai maganin gargajiya na ƙwarai a yau shi ne wanda ya san iyakar saiwarsa, ya kwantar wa iyaye da hankali, sa'an nan ya nuna musu wannan hanya tun da wuri.