Daga Kano zuwa Jidda: tafiyar shekaru da ta koma ta sa'o'i

Tsakanin Kano da Jidda akwai nisan kimanin kilomita 3,400 idan aka bi ta sama kai tsaye, jirgin alhazai kuwa yakan cinye wannan tazara cikin sa'o'i huɗu da rabi zuwa biyar. Maniyyaci zai yi sallar asuba a gida, ya yi la'asar a Hijaz, har ya tura agogonsa gaba da sa'o'i biyu.

Kakanninmu kuwa da damina suke ƙirga wannan hanya. Mai niyyar hajji daga Kano ko Damagaram yakan yi sallama da iyali tamkar wanda ba zai dawo ba. Ayari ya ratsa Borno, ya bi ta kudancin tafkin Chadi, ya shiga Wadai, daga Abeche ya nufi Darfur da Kurdufan, har ya riski kogin Nilu. Daga nan sai tashar Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda.

Abin da ya fi tsawaita tafiyar shi ne guzuri. Talaka yakan tsaya inda kuɗinsa suka ƙare, ya yi noma ko ɗinki ko koyar da allo, ya tara abin da zai kai shi zango na gaba. Ta haka hajji ɗaya kan ci shekaru da dama, wasu ma a hanya suka yi aure, suka hayayyafa, aka binne su. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Har yau ana jin Hausa a can.

Shekarar 1925 ta cancanci ɗalibi ya riƙe ta. A cikinta aka kammala madatsar ruwan Sinnar, gonakin auduga na Jazira suka buɗe, suka riƙe dubban maniyyata a matsayin 'yan ƙwadago. A cikinta kuma jiragen sojan saman Ingila, waɗanda suka taso daga Masar ta Khartum, suka fara sauka a Kano. Tsohuwar hanyar alhazai suka biyo, sai dai daga gabas zuwa yamma. A 1936 aka fara jigilar wasiƙu tsakanin Khartum da Kano, bayan yaƙin duniya na biyu kuma alhazai suka soma hawa jirgi, masu hali tukuna.

A ganina sauƙin ya zo da asara guda: alhajin yau yana tsallake Chadi da Sudan bai sha ruwan kowa ba, bai koyi harshen kowa ba. Amma ƙasashen suna nan a ƙarƙashinsa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai jiragen alhazai suka yi zagaye, sa'o'in tafiya suka ƙaru, kuɗin jigila ma ya tashi.