Mashayin Yamai, in ya so bari, ina zai dosa?

Mu a Yamai kowa ya san inda ake saida giya, amma ka tambayi inda mai son barinta zai je ya zauna da ire-irensa, sai a yi tsit. Wannan shirun ne ya sa na bi tarihin abin.

Giya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin jihadin Shehu Usman Ɗan Fodiyo na 1804, Azna da Maguzawa na dafa burkutu da dawa, ana sha ranar biki ko gayya, a gaban dattawa. Nasara ne suka kawo ta kwalba, duk da yarjejeniyar Burusel ta 1890 da ta taƙaita shigo da barasa mai ƙarfi Afirka. Bayan ƴancin kai aka kafa Braniger a 1967, kamfanin da ya riƙa yin Bière Niger, wadda mutanen gari suka laƙaba wa "Conjoncture". Sha ya bar dandalin ƙauye ya koma mashaya, inda babu dattijon da zai ce ya isa haka.

Maganin da muka fi gwadawa shi ne hani. Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, masu gidajen giya da dama suka tsallako iyaka wajen Maraɗi da Ƙwanni. A Nuwamba 2000, lokacin bikin FIMA, an yi zanga-zanga a Yamai, a Maraɗi kuma aka ƙona mashayu. A 2013 Hisbar Kano ta murƙushe kwalabe wajen 240,000 a rana guda. To amma fasa kwalba daban, raba mutum da ƙishinta daban. Ai ko Alƙur'ani bai hana giya rana ɗaya ba: sai da aka bi ta Baƙara, aka bi ta Nisa'i, kafin hukuncin Ma'ida ya sauka.

A wasu ƙasashe an gwada wata hanya. A 1877 wani fasto, Louis-Lucien Rochat, ya kafa Croix-Bleue a Janeba. A 1935 kuma, a garin Akron na Amurka, mashaya biyu, Bill W. da Dakta Bob, suka lura cewa in sun zauna suna gaya wa juna gaskiya, ranar takan wuce ba su sha ba. Daga nan aka samu Alcoholics Anonymous. Tsarinsu ba wuya: ba a kuɗin shiga, ba a faɗin sunan mahaifi, abin da aka faɗa a ɗaki ba ya fita, alkawari kuma na yau kaɗai ne, gobe a sake. Littafinsu mai matakai 12 ya fito a 1939. A Faransa abin ya kankama ne a 1960, bayan rubuce-rubucen ɗan jarida Joseph Kessel. Musulmin Baltimore ma sun kafa tasu, Millati Islami, a 1989, suka ɗora matakan bisa tuba da salla.

Mu fa? Na ga yadda ake yi a kan wani kawuna, direba. Da farko gida suka ɓoye, don kar a ce gidan wane akwai ɗan giya. Sannan aka kai shi wurin malam, ya sha rubutu. Da jikinsa ya fara kyarma yana ganin abin da babu, sai babban asibitin Yamai, ɓangaren masu taɓin hankali da ake kira Pavillon E. An yi masa magani, ya samu sauƙi, ya dawo gida. Amma daga magariba zuwa sha biyun dare, lokacin da ya saba zama a mashaya, wa zai zauna da shi? Abokansa duka suna can. Wata uku bai cika ba ya koma.

Ga shi kuwa zama a yi hira ba sabon abu ba ne gare mu. Zamanin Seyni Kountché akwai Samariya. Daga shekarun 1990 fada ta cika unguwanni, daga Bukoki har Talaje, ana dafa shayi har tsakar dare. Tabarma, butar shayi da gawayi, duka muna da su. Abin da fada ta rasa shi ne riƙon sirri, don abin da ka faɗa da dare, da safe yana bakin mai kosai. Mutum huɗu da suka san ciwon, suka yi alkawarin rufa wa juna asiri, suka tsaida rana ɗaya a mako, sun isa su fara.

Sai dai a kiyaye: wanda ya daɗe yana sha da yawa kar ya yanke lokaci guda shi kaɗai, don hakan na iya kawo farfaɗiya, har da rasa rai. Ya fara ganin likita, ya kuma tambaye shi ko akwai wasu da suka bari da za a haɗa su. Wanda ya riga ya bari kuwa, wallahi ya bar wa likitan lambarsa, ko wani zai nema.